Babban Yatsan Kafinta

"Baba, dangwalawa kawai za ka yi," in ji Tela, yana tura takarda bakin gado. "Ƙarfe huɗu alƙali ya ce. Ga biyu ta gota."

Tsohon Kafinta ko kallon takardar bai yi ba. Kwanansa tara a kwance, ƙirjinsa na kuka kamar zarto a ɗanyen katako. Shi ne shugaban kwamitin sulhu na unguwa, Tela kuwa maƙwabcinsa ne kuma mataimakinsa. Mako guda kotu ta ba su a kan maganar nan: Maiwalda ya fasa wa Direba baki saboda kwatar da ke tsakanin gidajensu. In takardar sulhu ba ta koma da yatsan shugaba ba, Maiwalda a gidan yari zai kwana, ga 'ya'ya biyar.

"Shigo da su," in ji tsohon.

Abin da Tela ke gudu ke nan. Shekara ashirin Kafinta bai taɓa sa hannu ba sai kowa ya faɗi kukan abokin faɗansa da bakinsa, har mai kukan ya ce haka ne.

Maiwalda bai ɓata lokaci ba. "Na cire masa haƙori biyu a gaban iyalinsa."

"Uku!" in ji Direba.

"Ɗayan ai dama yana girgiɗi."

"Kai, ce uku mu wuce wurin!" Tela ya daka masa tsawa.

"To, uku."

"Haka ne," in ji Direba. Da aka zo kansa sai ya hau kallon silin. "Wai ruwan wankin motata na shiga gidansa."

"Wai?" Kafinta ya buɗe ido ɗaya. "Sake, ɗana."

Tela ya tashi, ya zauna, ya leƙa taga, ya dubi agogo. Direba ya sake, tsohon ya girgiza kai. Uku saura kwata. Don rage aiki, Tela ya kama babban yatsan tsohon ya danna a kan tawada, ya riƙe hannun yana jira.

Can Direba ya sunkuyar da kai. "Ɗakin mahaifiyarsa ruwan yake shiga, inda take jinya. Sau uku ya same ni da girma da arziki. Na ce masa ya koya wa tsohuwar iyo."



"Haka ne," in ji Maiwalda.

"To Baba, ka ji..." Tela ya juyo. Zarton nan ya tsaya. Hannun ya yi nauyi a cikin nasa.

Matar Kafinta ta shigo tana salati, ta rufe masa ido. Maiwalda ya matso kusa da Tela. "Yallaɓai, danna masa. Da sauran ɗumi. Wa zai sani?"

Tela ya dubi takardar, ya dubi fuskar tsohon, ya kasa.

Direba ya fizge takardar. "Taso, mugun maƙwabci, motata na waje. Ni na kai ƙara, ni zan janye da sauran haƙorana."

Da ƙarar motar ta yi nisa, Tela ya roƙi ruwa a kofi da ɗan ƙyalle. Ya zauna a gefen gadon yana goge yatsan a hankali. Shuɗin ya fita, sai ɗan abin da ya maƙale a ƙarƙashin farce.