Takalman Kawu Oding

Lungunmu ba ya cin mota, shi ya sa a amalanken shara muka fito da Kawu Oding. Na shimfiɗa kwalaye a ciki, matarsa Inna Icih ta ɗora bargo, ni da mai unguwa muka kinkime shi. Bai fi buhun robobi nauyi ba.

"A hankali, Aceng," ya ce da ni, ido a rufe. "Tayar hagu ba ta da lafiya. Ta fi ni jin jiki."

"Ka rufe bakinka, tsoho," in ji Inna Icih. Tana biye da mu, rungume da fulas ɗin shayi. "Kwana huɗu ina cewa asibiti, kana cewa iska ce ta shige ka. To ga iskar nan."

Rigarsa ta yaye, na ga bayansa. Jajayen layuka reras, daga kafaɗa zuwa ƙugu. Haka muke yi a nan in zazzaɓi ya kama mutum: a shafa man zafi, a kankare baya da kwandala har iskar ta fita. Kwana huɗu tana kankare shi. Iskar ba ta fita ba, sai idonsa ne ya koma ruwan ɗorawa.

Motar asibiti tana jira a bakin titi. Da muka ɗaga shi, ƙafarsa ta dama ta leƙo daga bargo. A tafin akwai yanka, baki a buɗe, gefensa ya yi fari. Na kau da kai.

Katangar bulo ɗaya ta raba gidanmu da nasu, a gangaren garin Bogor inda kogi yake bi ta bayan gidaje. Tun kafin in shiga firamare Kawu Oding ne mai kula da shingen gora da aka gitta a ruwan don tare shara. Ranar Lahadi unguwa takan fito aikin gayya, a kwashe, a ware roba gefe, kwalba gefe, gwangwani gefe. Sauran kwana shida shi kaɗai ne. Yana da dogayen takalman ruwa, baƙaƙe, na hagu da faci ja na tsohon tif ɗin keke. 'Yarsa da ke aikin masaƙa a garin Bekasi ce ta aiko masa. Kullum in ya fito ruwa, sai ya kife su a kan sanduna biyu a ƙofar gidansa su tsane.

Da ƙasa ta girgiza a garin Cianjur da ke maƙwabtaka da mu, mu kwanuka kawai suka yi ƙara. Can gidaje ne suka kwanta a kan mutane. Masallacinmu ya haɗa mota ta kai tamfol da shinkafa, aka ce ana neman samari masu ƙarfi. Sharaɗi ɗaya: wanda ba shi da takalman ruwa kar ya hau.

Shekara biyu ke nan da na gama sakandare. Ba aiki. Babana ya daina yi mini faɗa, ya koma wuce ni kamar kujera. Ina son in hau motar nan. Ba don mutanen Cianjur ba, gaskiya.

Na sami Kawu a bakin shinge, yana zuƙar sigarinsa mai kanumfari.

"Kawu, aron takalma."

"Kai da ko Lahadi sai an buga maka ƙofa?"

"Sati ɗaya ne."

Ya dube ni, ya dubi kogin. Damina ce, ruwan ya yi kalar kofi da madara. Sai ya zauna a kan dutse ya tuɓe su.

"Kar Innarka ta ji. In ta ji na ba da aron takalman da 'yarta ta aiko, ni da kai duka sai mun kwana a waje."

"Kai fa da me za ka shiga?"

Ya zaro ledar burodi daga buhu, ya miƙe ta a gabana. "Shekara ashirin ina tsamo wannan abar daga ruwa. Ban taɓa ganin wadda ta ruɓe ba. Uku-uku a kowace ƙafa, a ɗaure da roba, ko ruwan ɗufana ba zai shiga ba."

Na yi dariya. Na ɗauki takalman na bi ta bayan gida.

Sati ɗaya ya zama kwana goma sha biyu. Mun kwashe ɓaraguzai, mun kafa tantuna, mun haƙa masai. Na ciro wata tsohuwa daga ƙarƙashin rufi, ba rai. Rana ta farko a rayuwata da aka kira sunana don ana bukatata. Ban tuna da kogi ba ko sau ɗaya.

A bayana, an yi ruwa kwana uku ba ƙaƙƙautawa. Shara ta taru a shingen har gorar ta fara lanƙwasa. In ta karye, gidajen gangare ne za su sha. Kawu ya shiga da ledojinsa safe da yamma. Fasasshiyar kwalba ba ta san leda ba ta ruɓewa ba.

A asibiti likitar, wata budurwa mai tabarau, ta ce ciwon fitsarin ɓera ne. Yana cikin ruwan, ta yanka yake shiga. Ta ce ya riga ya kama ƙoda.

"Da an kawo shi tun ranar farko..." Ba ta ƙarasa ba. "Ba ya sa takalma ne in zai shiga?"

"Yana da su," in ji Inna Icih. "Sace su aka yi. A ƙofar gida, da rana tsaka." Ta juyo wajena. "Ka ji, Aceng? Mutumin da ke kwashe ƙazantar unguwa, shi za a yi wa sata. Allah ya isa. Duk ƙafar da ta shiga takalman nan, ban yafe ba."

Na ce, "Amin." Haka bakina ya faɗa.

Takalman suna ƙarƙashin gadona, cikin buhu, da lakar Cianjur a jikinsu.

Washegari bayan azahar, a asibiti, Inna Icih ta fita sayo masa kunun shinkafa, aka bar mu mu biyu. An sa masa roba a hanci. Ya yafito ni da yatsa.

"An kwashe shingen?"

"Ban duba ba."

"Malalaci." Ya huta. "Can Cianjur fa? Mutane sun sami wurin kwana?"

"Sun samu. Kawu, zan faɗa mata."

"Ka faɗa mata me? An sace. Ni na ce an sace."

"Tana tsine mini."

"Ɓarawo take tsine wa. Kai aro ka yi." Ya so ya yi dariya, tari ya hana shi. "Ka bar ta da ɓarawonta. Mace in ta rasa wanda za ta zaga, kanta za ta koma zagi. Za ta ce ita ce ta tsaya kankare ni."

Maganarmu ta ƙarshe ke nan. Ranar Alhamis, ana kiran la'asar, ya cika.

Ni na ɗaura tutar takarda mai ruwan ɗorawa a bakin lungu, yadda ake yi in an yi rashi. Ni na ɗauki gaban makara. Kwana bakwai muna zaman addu'a a tsakar gidansu, maza a kan tabarma, ana zagayawa da shayi da soyayyar awara. Kullum sai maganar ɓarawon ta taso. Mai unguwa ya ce yana zargin wani yaro mai tsintar gwangwani daga tsallaken gada, ya ce a bari a gama bakwai, zai sa a kamo shi a tambaye shi. Na san irin tambayar.

Rana ta takwas da hantsi na jawo buhun. Ban wanke su ba. Na bi ta gaba, ba ta baya ba.

Inna Icih tana zaune a dokin ƙofa, tana ware murafan kwalabe a tire, shuɗi gefe, fari gefe. Aikinsa ne. Na ajiye takalman a gabanta.

"Ba sace su aka yi ba, Inna. Ni na ara."

Hannunta bai tsaya ba. Murfi shuɗi. Murfi fari.

"Shi ya ce kar in faɗa."

"Na san ya ce." Ba ta ɗago ba. "Matar mai unguwa ta nuna mini hotonku a wayarta, kuna tsaye gaban tanti. Tun kafin ya kwanta. Facin nan ni na riƙe masa yana liƙawa."

Na ce, "To Allah ya isan da kika yi?"

"A gabanka na yi, ai. Ina jira in ga ko kana da baki." Sai yanzu ta dube ni. Idonta a bushe. "Amin kawai ka ce."

Na tsuguna. Ƙarar kogi tana zuwa daga bayan gidaje, da ƙarar robobi suna bugun gora.

"Ban ce na yafe ba," in ji ta. "Kar ka je kana murna. Ka wuce gidan mai unguwa ka ce ya ƙyale yaron mutane. Da bakinka za ka faɗa masa dalili."

"To, Inna."

"Shingen kuma sati biyu ba a taɓa shi ba. Warinsa har ɗakina."

"To."

Ta ture tiren, ta ɗauki takalman zuwa bakin famfo. Ta daɗe tana goge su da ɓawon kwakwa. Lakar Cianjur ta bi kwata, ja, ta nufi kogi. Da ta gama, ta ɗaga na hagu ta duba facin da babban yatsa.

"In ka fito ruwa, nan za ka riƙa dawo da su. Ba gidanku ba."

Ta kife su a kan sandunan nan biyu, ta koma ta zauna da murafanta. Na tsaya ina kallo. Ruwa yana ɗiga daga bakinsu, ɗaya bayan ɗaya, cikin ƙananan ramukan da ɗigar shekaru ta riga ta haƙa a ƙasa.