Sunan da Jannatu Ta Ƙi Faɗa

"Ba zan rubuta sunanta ba, Dokta."

Dokta Nagoda ya ɗago kai daga kundin binciken Jannatu, ya zare tabarau. Shi aka danƙa wa ɗaliban marigayi Farfesa Kailani su ƙarasa a hannunsa.

"Babi na uku kaf maganar mace ɗaya ce. Ba suna, ba gida, sai 'wata tsohuwa a Tudun Wada'. Ta ina kwamiti zai san ba a ɗakinki kika ƙirƙiro ta ba? Kawo suna, kawo muryar da kika naɗa, yau ɗin nan in sa hannu."

"Na yi mata alkawari."

"Babu alkawari a ƙa'idar sashe."

Wata huɗu ke nan da binne Farfesa, amma Jannatu ba ta daina jin tarinsa a bayan ƙofofin sashen ba. Darasinsa na tarihin baka ne, aji kan cika har 'yan lissafi su tsaya ta taga. Yakan shigo da kujerar roba ya ajiye gaban allo, ya hana kowa zama a kanta.

"Wannan ta wanda ya ba ku labarinsa ce. Duk abin da kuka rubuta, ku fara karanta shi a gabanta."

"Farfesa, a kawo mata ruwa?" in ji wani daga baya.

"Kawo, ai ta fi ka yin magana mai amfani."

Farfesa da kansa ya raka Jannatu gidan tsohuwar. Tana zaune kan tabarma tana ɓarar gyaɗa ta ba su labarin ranar da unguwa ta rikice, yadda ta ɓoye matar maƙwabcinta da 'ya'ya uku a ɗakin girki, alhali ɗanta na cikinta yana waje cikin masu ɗauke da fetur. Yau ɗan nan dattijo ne, shi ke jan salla a masallacin layinsu. Dokta Nagoda kuwa ɗan Tudun Wada ne, a bayan dattijon nan yake bin sahu. Minti ɗaya ya ishe shi gane muryar.

A ƙarshen naɗin akwai muryar Farfesa. "Inna, kin yarda a rubuta?"

"A rubuta, Malam. Amma kada sunana ya fita, ɗana na raye."

Sai tari, sai ya ce, "Kin ji, Jannatu."

Ko wayar da Jannatu ta yi naɗin da ita na kashe tana jin kalmomin nan, a Keke Napep, a bakin famfo, a tsakiyar karatu.

Dokta ya sassauta murya. "Allah ya jiƙan Farfesa, shi kaɗai ne shaidarki, ga shi babu shi. To cire babin."

"In na cire, shekara arba'in ta yi shiru, sai ta buɗe baki a banza ke nan?"

"Kin san kwamiti ba zai wuce da shi ba."

"Na sani, Dokta."

Ta ɗauki kundinta ta fita, kanta a sama.

Kwamiti ya ƙi kundin. Aka ƙara mata shekara, aka ba ta sabon batu da za ta tsamo daga littattafai. 'Yan ajinsu suka tafi bautar ƙasa, sakamakonta ya sauko daga matakin da ta yi shekara huɗu tana riƙe da shi, mahaifiyarta ta ninke atamfar bikin yaye ta mayar akwati. Wasu malaman har yau sun ɗauka ƙarya ta shirya, kuma ba ta da hanyar wanke kanta.