Baiti Goma Sha Huɗu na Enos Gulliford

Ina cikin gyara wa Enos matashin kai muka ji muryoyin yara a ƙarƙashin taga. Na leƙa, sai ga 'yan makaranta kusan ashirin an jera su a kan ciyawa, kowa da wankakkiyar riga, malamarsu Mis Tapscott tana kaɗa musu hannu. Wai sun zo su faranta wa marar lafiya rai. Kuma da waƙarsa suka zo.

Tsohon ya kasa kunne, idonsa a rufe. Da suka kai ƙarshen baiti na biyu ya buɗe ido ya dube ni.

"Thirza, na mutu ne ba a faɗa mini ba?"

Raina ya ɓaci. A ƙauyen nan ko ɗan goye ya san waƙa tana da mai ita. Waƙar askin tumaki ta Enos ce, kawunsa ya ba shi ita a gadon mutuwa, kuma shekara sittin babu wanda ya taɓa ɗaga murya da ita sai shi, a mashaya ko a walimar girbi, ko da giyar tuffa ta kai masa karo. Ba a rera waƙar mutum yana da rai. Ni da nake maƙwabciyarsa, bango ɗaya tsakaninmu shekara arba'in, ko a wajen wanki ban taɓa barin ta ta fita daga bakina ba.

Duk Mista Ormerod ya ja mana wannan. Shekara uku da suka wuce ya zo daga Landan a kan keke, da ɗan littafi da fensir, yana neman tsofaffin waƙoƙi wai kada su ɓace. Enos ya sa rigar zuwa coci ya rera masa sau uku, mutumin yana rubutu yana ta sannu-sannu, bakinsa kamar zuma. Da littafin ya fito, baiti goma sha huɗu sun koma huɗu. Yarinyar cikin waƙar, wadda ta bi mai askin tumaki bayan tarin ciyawa ta dawo da kara a gashinta, ta kuma raini ɗanta ba tare da ta sunkuyar wa kowa da kai ba, yanzu furanni take tsinka ta koma wajen uwarta. A ƙasan shafi an rubuta cewa daga bakin wani tsohon lebura aka ji ta. Babu suna. Kuma Enos ba lebura ba ne, mai baibaya ne, rabin rufin ƙauyen nan hannunsa ne.

Na sauka ƙasa ban ko cire ƙyallen aikina ba. Na ce wa Mis Tapscott ta kwashe yaranta. Fuskarta ta yi jajir, ta ce ai da kyakkyawar niyya suka zo, kuma waƙar tana cikin littafi, ta kowa ce.

Na ce, "Wandonsa ma ga shi can a kan igiya, kowa na gani. Ɗauki ki sa mana."

Yaran suka ƙyalƙyale, ta kora su gaba suka tafi. Ban ji tausayinta ba a lokacin, ko da yake baƙuwa ce daga Bristol, ba ta san kan garin ba. Wanda ya kamata in zazzage wa yana can Landan, ana ce masa mai ceton waƙa.

Hepsi, 'yar Enos, tana kicin tana wanke kwanuka. Mace ce mai ibada, tun tana budurwa ta ce bakinta ba zai ɗauki irin wannan waƙa ba, ɗan'uwanta kuwa ya tafi Kanada ko wasiƙa babu. Na wuce ta na hau sama.

Na tarar ya yunƙura ya jingina da kan gado. Ya ce abin da ke cin ransa ba yaran ba ne. In ya tafi, baiti huɗun nan na littafi su ne za su zama waƙar, sauran goman kuma a rufe su tare da shi.

"Zauna, ke zan ba."

"Haba tsoho, ni da ko mashaya ba na shiga?"

"Wa ya ce miki mashaya? Kin daɗe kina satar ta ta bango, kin ɗauka ban sani ba? Amma sata daban, kyauta daban. Ki yi shiru in ba ki."

Na ja kujera na zauna. Ya ɗora hannu a gwiwa kamar yadda ya saba, ya kafe bango da ido, ya fara. Muryar ta zama siririya, amma ko kalma ɗaya bai wanke ba, tarin ciyawar yana nan, karan yana nan a gashinta. Tsakanin baiti da baiti sai ya huta, in jiƙa masa leɓe da ruwa. Rana ta yi tsaka, daga ƙasa ina jin ƙarar kwanukan Hepsi.

Ya gama baiti na goma sha ɗaya, inda yarinyar take shiga kasuwa da jaririnta a hannu, ya ja numfashi don na gaba. Na jira. Na san kalmar da za ta biyo, tana nan a kan harshena, na danne ta. Na daɗe ina jira, ina kallon bargon da ke kan ƙirjinsa ko zai motsa. Bai motsa ba.

Na rufe masa ido, na mayar da hannunsa kan gwiwa. Sannan na ɗauki baiti na goma sha biyu, da muryata ta mai wanki, wadda ba ta taɓa rera shi a fili ba.

Ban kai rabinsa ba ƙarar kwanuka ta tsaya a ƙasa.