Gayyar Ganuwa

Ranar Talata takarda ta iso wa Mai Unguwa Lawal. Wani kamfanin fasa dutse na neman tsaunin da ke bayan ƙauyensu, gabas da Tsiga. Kafin a ba shi, za a turo mai binciken kayan tarihi ta duba kufan ganuwar da ke kansa. In ta tabbatar tsohuwa ce, tsauni ya tsira.

Lawal ya yi abin da ake yi in baƙo zai zo, ya kira gayya. Maza arba'in suka nome ciyawa, suka ɗaga duwatsun da suka zube, suka jera su da igiya. Mata suka share tsingaron tukwane suka zubar a kwari. Iliya birkila ya ba da siminti kyauta.

Mai binciken, Malama Zakiyya, ta iso ranar Asabar. Ta daɗe tana kallon ginin.

"Ranka ya daɗe, wa ya gina wannan?"

"Kakanninmu, tun kafin jihadi da ɗaruruwan shekaru. Nan suke hawowa in mahara sun taso."

"Simintin fa?"

"Shi ne kakan Iliya bai samu ba, jika ya cika masa."

Ba ta yi dariya ba. "Abin da kuka share shi na zo gani. Wannan kam sai dai in rubuta ginin shekaranjiya."

Lawal ya cire hula, ya mayar.

Tsohuwa Lami, wadda har yau addinin kakanni take bi, tana zaune a gefe. Ta ce, "Ba su gama ɓarnar ba, 'yata. Na hana su taɓa ƙofar arewa. Can surukina ke zuba wa dutse giya. Na ce duk wanda ya sa fartanya, shi ya sani."

"Inna, macizai muka gani," in ji Iliya.

"Ka ji ɗan coci! Macizan ne suka sa ka gudu ka bar cokalin gininka?"

Suka ratsa sarƙaƙiya zuwa ƙofar arewa. Ganuwa tana nan, taku ashirin, dutse kan dutse ba laka, ga tsingaro da kashin tama, ragowar narka ƙarfe na mutanen da, a ƙasa. Zakiyya ta yi awa biyu tana awo da ɗaukar hoto.

"Wannan ya isa," ta ce. "Tsauninku na nan. Amma kada a ƙara taɓa komai."

Lawal ya sami dutse zai zauna, ya dubi fuskarta, ya zauna a ƙasa.