Raƙumi Na Biyu

A kamfanin fentin nan babu mai tuna sunan yanka na mataimakin manaja. Hakane ake ce masa, daga masinja har mai gadi, don tun da ya kama aiki ba a taɓa jin Manaja ya rufe baki shi bai amsa da "haka ne, Yallaɓai" ba. Ko atishawa Manaja ya yi, sai ka ga leɓen Hakane ya motsa. To ga shi an ɗaga Manaja zuwa hedikwata, an kuma ce shi zai zaɓi wanda zai gaji kujerarsa. Mutum biyu ne a layi: Hakane, da Ma'aji, wani siririn bawan Allah mai tabarau mai kaurin gindin kwalba, wanda ba ya magana sai an tambaye shi.

Da Manaja irin sauran mutane ne, da a ofis zai faɗi zaɓinsa kowa ya kama gabansa. Ina! Cewa ya yi sai an fita hamada, shi da manyan ma'aikata, a yi kwanaki a kan raƙuma tare da makiyaya, wai a can ake gane shugaba. Ranar dawowa zai faɗi suna. Ya ƙara da cewa shi abin a jininsa yake, kakansa madugu ne, ayari yake ja. Wannan kakan dai, a bakin Manaja, bara alƙali ne, shekarar da ta gabace ta kuma maharbin zaki. Hakane ya ce haka ne.

A gida matarsa tana cusa masa kaya a jaka tana mita.

"Baban yara, kai da ko ƙwan fitila ya mutu sai an kira maƙwabci ya hau kujera, kai ne za ka hau raƙumi?"

"Kujerar manaja ce fa. Ko kada aka ce in hau, zan hau."

"To ka manne masa. Ka tsufa kana riƙe masa jaka, kada ranar rabo wani ya sha gabanka."

Bai buƙaci a gaya masa ba. Ya san in kujerar nan ta wuce shi ta wuce ke nan, furfura ta riga ta fara yi masa sallama.

Motoci suka sauke su inda kwalta ta ƙare. Madugun da zai ja su dogon mutum ne, ya naɗe fuska da rawani, idanu kawai ake gani, idanun ma ba su nuna sun ga wani abin burgewa ba. Ya jera raƙumansa, akalar kowanne a ɗaure a sirdin na gabansa, ya fara nuna wa kowa nasa. Manaja ya samu na gaba. Na biyu aka nuna wa Ma'aji. Hakane kuwa aka kai shi can wutsiyar ayari, wajen wata tsohuwar taguwa mai tari.

Ya dubi tazarar da ke tsakani. Kwana da kwanaki Ma'aji yana jikin Manaja, shi yana can baya yana shan ƙura? Ya bi madugu da sauri.

"Malam, an yi kuskure. Ni ne mataimaki. Ni ke bin Yallaɓai."

"Ni raƙuma nake jerawa," in ji madugu. "Wannan ba ya shiri da wancan, waccan ba ta tafiya sai a baya. Mutane kuwa ku jera kanku."

Hakane ya koma wajen Ma'aji, ya yi ƙasa da murya kamar mai kawo gaisuwar mutuwa, ya ce ya ji an ce raƙumi na biyun nan cizo yake yi, shi kuma ba zai iya kallon abokin aiki mai iyali ya shiga haɗari ba, gara su yi musaya. Ma'aji ya yi masa godiya har da riƙe hannu. Ya cire tabaraunsa ya sa a aljihu don kada yashi ya goge su, ya lallaɓa ya tafi wajen taguwarsa.

Madugu ya dubi Hakane yana gyara zama a kan na biyu, ya ce, "Na bayan na gaba, abin da na gaba ya saki shi yake shaƙa." Hakane ya yi dariya, a zatonsa barkwancin makiyaya ne.

Wanda bai taɓa hawa ba bai sani ba, raƙumi da ƙafafun baya yake fara tashi. Na Manaja ya yunƙura, Yallaɓai jikan madugu ya tafi gaba kamar zai sha ƙasa, ya dawo baya, sai ji kake ɓarrr! Wandon nan mai tsada da aka ɗinka musamman don tafiyar ya rabe daga ƙugu har ƙasa. Hayaniyar raƙuma ta rufe ƙarar, madugu yana gaba ya ba da baya, na uku kuma jikin Hakane ya tare masa. Mutum ɗaya tak a duniya ya ga gajeren wandon Manaja, ja ne, da hoton 'yan agwagi.

Hakane ya ɗaga kai yana nazarin sararin sama.

Wannan somin taɓi ne. Da rana ta take, gumi ya fara aikinsa. Baƙin gashin nan da ake yi wa kirari a ofis, wai Yallaɓai ba ya tsufa, ya fara narkewa yana gangarowa ta ƙeya layi-layi, yana shiga wuyan farar riga. Manajan kamfanin fenti guda, a rasa wanda zai shafa wa kansa sai mai zuba! Da aka zo gangaren wani tudun yashi, Hakane ya ji wata siririyar murya da bai taɓa ji ba. Manaja ne ya kwanta a kan tozo ya rungume shi, yana ce wa raƙumin, "Baba, don girman Allah a hankali. Baba, ina da yara ƙanana." Da raƙumin ya ƙara sauri sai ya koma kiran "Wayyo Inna!" Innar da ta rasu tun kafin a haifi masinjan ofis.

Da yamma aka sauka zango, aka kafa tantuna, makiyaya suka ɗora shayi. Manaja ya ɗaura babban mayafi a ƙugu, ya ce haka mutanen da suke yi in sun sauka. Ya zauna a ɗosane, da gefe ɗaya, ya fara ba da labarin yadda shi da raƙuminsa suka fahimci juna tun kallon farko.

Ma'aji, wanda ba tabarau ko hannunsa da kyar yake gani, ya ajiye kofi ya ce, "Wallahi Yallaɓai, daga inda nake, in na hango ka a gaba, sai in ga kamar a kan raƙumi aka haife ka. Ko motsi ba ka yi."

Kuma har zuciyarsa yake faɗa, abin haushin ke nan. Manaja ya washe baki. Sannan ya juyo wajen Hakane yana jiran abin da aka saba.

"Haka ne, Yallaɓai," in ji Hakane. Amma ta fito a makare, kuma idonsa a kan kofin shayi.

Washegari abin ya ƙaru. Raƙumin Hakane ya gano ƙeyar Manaja akwai gishirin gumi, sai ya riƙa miƙa dogon wuyansa yana lasa. Manaja ya sandare, ba halin ihu, ma'aikata suna baya. Rangajin tafiya kuma ya juya masa ciki, ya cire hularsa ya yi amai a ciki, ya leƙa hagu da dama, ya saki hular a gindin wata ƙaya. Yana sakinta ya waiwayo. Idonsa jajir da hawaye, baƙin rini har kunne, suka yi ido huɗu da mataimakinsa.

A nan ne Hakane ya tafka ta. Da ya yi shiru, da ya yi kamar yana gyangyaɗi, wataƙila da an wuce wurin. Amma mutumin da ya yi shekara da shekaru yana amsawa ba ya iya barin shiru ya zauna lafiya. Ya rusuna daga kan sirdi, ya yi murmushin biyayya, ya ce:

"Ban ga komai ba, Yallaɓai."

Manaja ya juya ya kafa idonsa a kan hanya.

Shi kuwa gogan naka daɗi ya kama shi. A ransa ya ce shi ke nan, kujera ta zo hannu, yanzu sirri ya haɗa su, ya zama ɗan cikin gida. Sai ya shiga hidima ba kama hannun yaro. Ya miƙa wa Manaja hankici yana nuna ƙeyarsa da ido. A zango ya lallaɓa tantinsa da allura da zare, ya ajiye ba tare da ya ce komai ba, ya fito da sanɗa. Ya ba shi man shafawa, ya raɗa masa cewa yana maganin saɓar zama. In za a gangara tudu sai ya kama tari da ƙarfi don ya rufe kiran Inna. Duk wanda ya yi, sai ya ɗan kanne ido ɗaya, irin na mu-biyu-muka-sani. Ya lura Manaja ya daina kallonsa, ya fassara shi da cewa manya ba sa nuna wanda suka zaɓa tun kafin lokaci.

Ranar ƙarshe da hantsi suka iso wata rijiya, ga motoci can suna jira. Manaja ya riga ya shiga bayan mota ya sake wando, ya wanke wuya, ya dawo mutum. Ya tara su a inuwar wata bishiya, raƙuma suna durƙushe suna tuƙa. Hakane ya gyara wuyan riga, ya tanadi fuskar mamaki.

Manaja ya ce hamada makaranta ce. Ya ce ta nuna masa shugaba shi ne mai hangen nesa, wanda ko yana can ƙarshen ayari yana ganin girman abin da ke gabansa. Saboda haka Ma'aji ne sabon manaja. Aka yi tafi. Ma'aji ya laluba aljihu ya sa tabarau don ya ga ko da shi ake. Sai Manaja ya ƙara da cewa Hakane ma ba a manta da shi ba, ya nuna juriya da zafin rana, don haka za a ba shi riƙon sabuwar ma'ajiyar kaya da kamfani ya buɗe a can kan iyaka, inda mota ke zuwa sau ɗaya a mako.

A karo na farko a tarihin kamfanin, Manaja ya rufe baki ba a ji komai ba.

Hakane ya tsaya har aka watse. Garin neman gira ya rasa ido, kuma har yanzu bai gane ta ina ba. Ya tari Manaja a bakin ƙofar mota.

"Yallaɓai, wani ne ya kai ƙarata? Wallahi tallahi ban gaya wa kowa ba. Ko matata ba za ta ji ba. Da ni za a binne sirrin nan."

Manaja ya dube shi, a karo na farko tun ranar hula.

"Na sani," ya ce. "Ai da surutu gare ka da da sauƙi, sai in ce ƙarya kake in kore ka, in huta. Amma kai shiru za ka yi. In na ba ka kujerar, duk taron da aka kira a hedikwata kana nan a kujerar gaba, ina jawabi kana kallona, kana yi mini wannan murmushin. Ni kuwa ba zan iya ba."

Ya shiga ya ja ƙofa, gilashi ya ɗaga. Can gefe madugu yana kwance akalar raƙumi na biyu daga sirdin na farko, zai kai shi ya sha ruwa.