Layar da Na Ɗaura wa Joel

Ni ne Buwai maharbi, wanda ɓarawon shanu ya saita wa bindiga a ƙirji a dajin Shanono, ya danna kunama ta ƙi tashi. Shekara talatin ina ba da labarin nan, duk wanda ya ji sai ya saci kallon layar da ke damtsena. Ban taɓa zaman aji ba, amma da aka ba ni gadin firamaren garinmu, yara sun fi cika gindin darbejiyata a kan gaban allo.

"Baba Buwai, da gaske bindiga ba ta cin ka?"

"Ruwa take zubarwa, ɗan nan. Ruwa!"

Jikana Joel, ɗan aji shida, ya ishe ni da naci har na ɗaura masa layar don in huta.

Mu maharba, in ka ɗura bindigar adaka ba ka samu nama ba, sai ka harba ta sama kafin ka shigo gari. Ran nan na dawo daga neman fakara, na ji ƙyashin albarushin, na jingine ta a ɗakin gadi a ɗure, na zagaya. Da aka fito hutun tara Joel ya ɗauko ta, ya miƙa wa abokinsa Al-Amin, ya daki ƙirji ya ce, "Harba ka sha mamaki." Al-Amin ya danna kunama, amma nauyinta ya rinjayi hannunsa ta yi ƙasa. A cinya ta sami Joel.

Joel na kwance a asibiti, ni kuwa ina zagaya majalisa ina cewa layar lafiyarta ƙalau, yaron ne ya karya sharaɗi. Da bakin nan nawa na faɗa, har sau nawa.

Bayan mako biyu wasu 'yan aji biyar suka durƙusa gabana. Babbansu ya ce, "Baba, gaya mana sharaɗin mana. Mu ba za mu yi wauta irin ta Joel ba. Akwai bindiga a ɗakin babana."

Nan take na miƙe.

Na sami shugabar makarantar, Malama Aina'u, na ce ta tara min yara. Ta ce, "Baba, in tatsuniyar nan ce, mun ƙoshi."

Na tsaya gabansu, ni da ban taɓa sunkuyar da kai ga namiji ba. Na ce, "Ɓarawon nan, albarushinsa ne ya jiƙe, ruwa ya kwana yana zuba. Na sani tun a ranar. Joel bai karya komai ba, ni ne maƙaryacin. Bindiga ba ta san laya ba, ba ta san aboki ba. In kun gan ta, ku ɗauka a ɗure take. Kada ku taɓa, ku kira babba."

Wani yaro ya yi dariya, ba wanda ya taya shi.

Da yamma Baƙo, abokin farautata, ya tofar da yawu ya ce, "Ka zubar mana da girma, tsohon banza."

Joel ya dawo gida da sanda. Abu ɗaya ya roƙe ni: in lallaso Al-Amin ya koma makaranta, don tun ranar bai fito zaure ba. Na je gidansu sau biyu, ubansa bai shimfiɗa min tabarma ba. Gobe da hantsi zan sake komawa.