Kwalin Yaya

Tun ranar da Mai Tabarau, wani abokin Auta, ya ɗaga kwalin kaset ɗin nan wajen haske, ya karkata kai, ya ce shi dai haɗin ledar bai kwanta masa ba, Auta ya rasa wurin zama a gidansa. Ya zauna a kujera, ya miƙe, ya leƙa ɗakin gem, ya dawo ya buɗe firji ya rufe bai ɗauki komai ba. Matarsa, wadda dangin miji ke ce wa Amarya har yau, ko da yake 'yarta ta fari ta kusa kamo ta a tsawo, tana yankan albasa tana bin sa da ido. Haushi yake ba ta, tausayi kuma yana hana ta buɗe baki.

Auta tara tsofaffin kaset na gem, wato wasan bidiyo, yake yi, irin masu kaurin nan da ake hura wa iska kafin a cusa su a na'ura. Ɗaki guda ya ware musu, labule kullum a sauke don kada rana ta koɗar da kwalaye, yara kuwa ko leƙawa za su yi sai sun wanke hannu. Su masu wannan ciwon, kaset ɗin da ya rabu da kwalinsa tsirara suke ce masa, na bugawa ne, kowa ma yana da shi. Mai kwali ya fi daraja. Wanda ba a taɓa fasa ledarsa ba tun daga kamfani kuwa, wannan takanas ake zuwa kallonsa. Auta yana da irinsa ɗaya tak, kuma ba saya ya yi ba.

Yayansa ne ya kawo masa tun yana ɗan firamare. Yaya ya tafi neman aiki wani gari mai nisa, ya daɗe, ya dawo a rame da jaka ɗaya, amma bai manta da tsarabar autan gidansu ba: kwali mai hoton wani ɗan mutum riƙe da takobi a bakin kogo, ledarsa sai sheƙi take. Gidan babu na'urar da za a sa shi. Yaya ya ce a ajiye, kada a buɗe sai an samu na'urar. Shekaru suka yi ta tafiya, Auta ya girma, ya sayi na'urar da guminsa, ya ƙara wata, amma lokacin ya riga ya san darajar leda, ko da wuƙa a wuya ba zai fasa ta ba. Da ya matsu ya buga gem ɗin, sai ya je kasuwar 'yan gwanjo ya samo wani irinsa tsirara.

To, a makon nan abu biyu suka haɗe masa. Yaya ya bugo waya ya ce likita ya gaya masa idonsa ba dawowa zai yi ba, sai dai ƙara dusashewa, don haka zai zo ranar hutu a fasa kwalin a gabansa, ya ga abin da ya sayo tun yana iya gani. Auta ya ce to, don shi bai iya musu da Yaya ba. Sai ya kira abokan tarinsa su zo su yi wa ledar kallon ƙarshe. A nan ne Mai Tabarau, wanda ba ya ganin abu ya yi shiru, ya ce ledar kamfani ta bayan kwali ake haɗe ta, wannan kuwa ta gefe aka haɗe. Wato wani ya taɓa buɗewa ya sake naɗewa.

"Sau nawa za ka ɗora shi a sikelin kicin?" Amarya ta tambayi mijinta. "Jira kake ya yi ƙiba?"

"Nauyin daidai yake," in ji Auta. "Amma in na girgiza, motsin ba irin na kaset ba ne. Kawo kunnenki ki ji."

"Na ji jiya, na ji shekaranjiya. Baban yara, ka bar kunnena ya huta."

Ya tsaya a bakin ƙofar kicin rungume da kwalin, ya yi ta sosa ƙeya, can ya ce, "Ki tafi da shi wurin aiki mana."

Dama ta san nan za a zo. Amarya mai duba kaya ce a wani kamfanin aika saƙo. Wuni take a gaban allon na'ura, kunshin mutane yana bin bel yana shiga ta nan yana fita ta can, ita kuma tana ganin cikinsa ba tare da ta kwance ko igiya ba. Ta ga takalmi da agogo, ta ga cokula a cikin safa, ta ga abubuwan da masu su za su so ƙasa ta tsage su shige in sun san an gani. Shi ya sa ba ta son sa kayan gidanta a ciki, don abin da ta gani ta gani ke nan, ba ya gogewa. Amma ta dubi idon mijinta da ya yi zuru-zuru, ta goge hannu ta karɓa.

Washegari da safe ta sa kwalin a jakarta. Ka'idar wurin ce jakar kowane ma'aikaci ta bi ta na'ura, don haka ta ɗora tata a bel ta zagaya gaban allo. Ta san kamannin kaset na gaske, don ana aiko su jefi-jefi: allo siriri mai layuka kamar jijiyar ganye, da 'yan ƙwayoyi baƙaƙe, wani lokaci har da batir mai kama da maɓalli. Makullanta suka bayyana, da kwalbar turare, sannan kwalin. A cikinsa babu layi, babu ƙwaya, babu waya ko ɗaya. Wani abu ne shafal mai kusurwa huɗu, launinsa ɗaya daga sama har ƙasa, gefe guda a ɓantare. Tayil ne, irin na banɗaki.

Ta tsayar da bel, ta mayar da shi baya, ta sake turo shi, kamar tayil zai canza shawara.

"Maciji kika gani ne?" in ji abokiyar aikinta mai manna lamba a kunshi.

"Da ma shi ne," in ji Amarya.

Aikin safiyar nan dai sunansa aiki. Ta bar kunshi ya wuce ba ta duba ba sai da aka dawo mata da shi, ta zubar da shayi a kan tebur, ta je banɗaki ta tsaya ta dawo. Waya kuwa sai motsi take a aljihunta, ba sai ta duba ba ta san mai kira. Ta yi tunanin ta ce masa na'ura ta lalace. To, sai me? Gobe dai za a fasa, a gaban yara, dattijo mai ciwon ido ya zazzage tayil a tafin hannunsa. Da aka tashi hutun rana ta fita bayan sito ta kira shi.

"Ka taho yanzu," ta ce. "Ka zo da tsirarar nan da kake bugawa, da sabuwar reza."

Ya ce, "Ga ni nan."

A ɗakin naɗe kaya ta same shi, ma'aikata duk sun tafi cin abinci. Ta faɗa masa abin da ta gani ba tare da kwana-kwana ba. Auta ya zauna a kan wani kwalin kaya, ya tashi, ya je bakin taga, ya dawo.

"Yaya ya sani," ya ce. "Ba ki ga yadda ya dawo ba ne lokacin. Kunyar shigowa hannu rabbana ya ji, ya tsinci kwali ya sa aka naɗe masa. Ni kuma ina ta nuna wa duniya."

"Wanda ya sa tayil da hannunsa ne zai ce a fasa a gabansa?"

"Wataƙila so yake ya gaya min."

"Wataƙila kuma shi aka cuta."

"To in ya sani, ya buɗe ya ga kaset, ai ya gane mun gano shi ke nan."

"In kuma bai sani ba ya ga tayil fa? A gaban 'ya'yanka?"

Auta ya dafe kai. Ita ma ba ta da tabbas, amma ta san a cikin kunyar biyu wadda ba za ta iya tsayawa ta kalla ba. Ta miƙa masa rezar.

"Ni da bakina," ya ce, "na sha faɗa a gaban mutane cewa mai sake naɗe kwali ɓarawo ne."

"To yau ka shiga sahu, ni ce 'yar rakiyarka. Yi sauri, hutun ya kusa ƙarewa."

Ya tsaga ledar da ya yi shekaru yana hana ƙuda sauka a kanta. Tayil ya zamo, kore, a naɗe cikin wani tsumma. Auta ya ajiye shi gefe. Sannan ya ɗauko kaset ɗinsa ya goge shi tas da auduga, ya kankare ragowar takardar 'yan gwanjo da farce. Akwai wani karce a bayansa da ya ƙi fita, suka dubi juna suka ƙyale shi. Amarya ta yanko leda, ta naɗe, ta tura cikin injin zafi, ledar ta kama jikin kwalin tsam kamar a can aka haife ta.

Ranar hutu tun da hantsi Yaya ya iso, yana laluben dokin ƙofa da ƙafa, tabarau mai kauri a hancinsa.

"Amarya, har yanzu kina haƙuri da mai kwalayen nan?"

"Ya zan yi, Yaya? Ku kuka ba ni shi."

Ya yi dariya, amma dariyar ba ta yi nisa ba. Aka zauna a falo, yara suka kewaye shi, Auta ya kawo kwalin da hannu biyu ya ɗora masa a cinya, ya koma jikin bango ya tsaya kamar mai jiran hukunci. Yaya bai buɗe ba. Ya nemi ruwa, ya sha. Ya tambayi babbar yarinyar labarin makaranta, bai saurari amsa ba. Ya juya kwalin, ya kai shi dab da fuska, ya sauke. Amarya ta ga gumi yana tsattsafo masa a goshi ga fanka tana juyawa. Ta ce a ranta shi ke nan, ya sani, mun yi abin kunya.

"Baba Babba, ka buɗe mana!" in ji ƙaramin yaron.

Yaya ya sa farce ya ja. Ledar ta yage. Ya ɓalle bakin kwalin, ya karkata shi a hankali, fuskarsa a kauce kamar mai jiran allura. Kaset ya sulalo cikin tafinsa.

Ya shafa gabansa, ya shafa bakin da ake cusawa a na'ura. Babban yatsansa ya bi ta kan karcen nan, Amarya ta riƙe numfashi, yatsan ya wuce.

"Ashe bai cuce ni ba," in ji Yaya a hankali.

Ya cire tabarau ya goge ido da bakin riga.

"A tasha na saye shi, wurin wani mutum. Ba ni da abin ba shi, agogona na kwance masa. Yana karɓa ya shige cikin mutane da sauri, ko waiwaye babu. Da muka hau mota na nuna wa na kusa da ni, ya yi dariya ya ce Allah ya sa ba dutse na saya wa ƙanena ba. Tun ranar maganar nan take cina. Duk sanda na zo gidan nan ka ɗauko shi kana nuna wa baƙi, kai kana murna, ni gabana yana faɗuwa. Na ce kafin idon nan ya rufe gara in sani."

Auta ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa suna motsi. Amarya kuwa, tausayin tsohon da kunyar zargin da suka yi masa suka haɗe mata, ta rasa inda za ta sa idonta.

"Kai kuma kukan me kake yi?" in ji Yaya, yanzu dariyar tasa ta fito sosai. "Don leda? Sa mana shi, in ga ɗan mai takobin nan."

Auta ya durƙusa ya haɗa wayoyi, ya cusa kaset, ya kunna. Kiɗa ya tashi, kogon ya cika talabijin, yara suka ruga suka tare gaba. Yaya ya jawo kujerarsa yana ja yana ƙarawa, har hancinsa ya kusa taɓa gilashin.

"Ku matsa min," ya ce wa yaran. "Ni na sayo shi."